Dalmar da Na Yanke a Bronx

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ba a ɗauke wuta a can?" Abokaina na majalisa sun fi kowa naci, don sun san shekara ashirin da bakwai na yi ina hawa falwaya a kamfanin wutar lantarki, kuma rabinsu na taɓa yanke musu wuta da hannuna. So suke su ji ko na je na ga iyayen gidana a harkar wuta. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ga shi kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar.

'Yata ce ta kira ni. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi nake ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a New York, mijinta Nasiru kuma yana aikin kwamfuta a wata jami'a. Da na yi ritaya ta ce in zo a cire mini yanar ido, in kuma ga jikokina biyu mata da ban taɓa ɗauka ba. Ni da mahaifiyarta muka tafi Abuja neman biza. Tambaya iri ɗaya aka yi mana, amsa iri ɗaya muka bayar, aka ba ni aka hana ta. Har muka iso Kano ba ta yi mini magana ba, sai ka ce ni na zuga Baturen bizar.

Duk da fushin, ita ta shirya mini jaka. Ta zuba kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta shimfiɗa kilishi a sama. Ni kuma na cusa filayata da testa a gefe, don ban taɓa kwana a wani gari babu su ba. Daga Abuja muka tashi, muka ya da zango a wani birnin Turai inda na yi awa shida ina kallon mutane suna sauri. A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni kujera da wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke zaune a unguwar Harlem ta New York. Shi ya cike mini takardar shiga ƙasa, shi ya nuna mini abincin da zan iya ci, ya kuma gargaɗe ni cewa duk abin da aka tambaye ni in faɗi gaskiya, in kuma taƙaita. Na ce masa gaskiya ba ta taɓa ba ni wahala ba, taƙaitawar ce matsala.

A filin jirgin New York wani ɗan kare ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka kwashe kilishin tas, aka shanshana daddawa aka mayar mini da ita da sauri. Jami'in ya ɗaga filayar ya tambaye ni ta mece ce. Na ce ta sana'ata ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce bizar da ke hannuna ba ta yarda in yi wani aiki a ƙasarsu ba. Na ce na yi ritaya, sabo ne kawai. Ya yi murmushi ya mayar mini, aka ba ni izinin zaman wata shida.

Nasiru ne ya ɗauko ni. Yana ta nuna mini gadoji da dogayen gine-gine, ni kuwa abin da nake nema daban. Da muka shiga wani dogon titi a unguwar Bronx da ake kira Grand Concourse, na leƙa dama na leƙa hagu, babu falwaya ko ɗaya, babu waya a sama, babu taransfoma da yara ke wasa a gindinta. Nasiru ya ce a wannan yankin duk a ƙarƙashin ƙasa aka binne su. Na ji kamar an sake yi mini ritaya.

Gidan nasu a hawa na biyar yake, a wani tsohon bene na jan bulo. Mako na farko na zama abin dariya. Da na ga wuta sai in tashi in sa wayata a caji, in ɗauko dutsen guga in goge kayana duka, har da wanda na goge jiya. Jikokin suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, kuma babbar ta tambayi uwarta ko Kaka na shirin tafiya ne kullum. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Babu ƙarar janareta, babu ihun yara idan an kawo wuta, sai firij yana ta gurnaninsa ba ya gajiya. Abinci kuwa ban sha wahala ba. Ummi na tuƙa tuwon shinkafa ranar hutunta, ranar Juma'a kuma mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Harlem, mu yi salla, mu ci shinkafa da wake irin ta mutanen Gana da wani baƙin yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa.

A hanyar masallacin nan na saba da Alhaji Seidu, mai kula da benenmu. Sufa ake ce wa masu irin aikinsa. Mutumin zangon Kumasi ne, sa'ana, yana da ɗaki a ƙasan benen wanda mai gida ya ba shi tare da aikin. Duk makullan ginin suna rataye a ƙugunsa, tun daga nesa kake jin zuwansa. Hausarsa da tawa sukan yi karo su wuce, amma mun fahimci juna sosai, don shi ma mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce.

Wata ranar Lahadi bayan azahar Ummi ta buɗe takardar kuɗin wuta ta yi tsaki. Ta ce kullum ba sa gida, yara na makaranta, amma nasu ya fi na maƙwabciyarsu mai 'ya'ya biyar. Na karɓi takardar ina jujjuyawa. A bayanta na ga wata lambar waya da wani dogon bayani, na tambayi Nasiru. Ya ce ta hukumar jiha ce da ke sa ido a kan kamfanonin wuta da gas da ruwa. Tunda wayar wuta ɗaya ce ke shiga gidan mutum, ba shi da wani kamfanin da zai gudu wurinsa, shi ya sa jiha ta ɗora wa kamfanin wanda zai tsaya a kansa. Gwamna ke naɗa shugabannin hukumar. Kamfani ba ya ƙara farashi sai ya kai takardunsa gabansu an bincika, an kuma kira jama'a kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ba a yanke wa mutum wuta sai an rubuto masa gargaɗi tun da wuri, ba a yankewa ranar Juma'a ko Asabar ko Lahadi, kuma idan likita ya rubuta cewa akwai mara lafiya a gidan, dole a dakata.

Dariya na yi. Na ce mu ai Juma'a da yamma muka fi son yanka, don mutum ya kwana biyu a duhu ya yi laushi kafin Litinin. Na ce mu ma an kafa mana irin wannan hukumar, amma a iya aikina ban taɓa ganin wanda ya kai ni ƙara can ba. Nasiru ya sunkuyar da kai irin na suruki bai yi mini musu ba. A raina na riga na yanke cewa duk wannan zancen takarda ne, matsalar wuta kuwa mai filaya ke gane ta.

Ranar Talata da safe, da gidan ya watse, na kashe komai. Na zare firij, na zare talabijin, har agogon kicin. Na sauka wurin Alhaji Seidu na ce ina so in ga ɗakin mitoci, don in ba da labari idan na koma gida. Ya buɗe mini da murna. Muna shiga aka kira shi a waya, famfo ya fashe a hawa na uku, ya ce in jira shi yana zuwa. Na bi layin mitocin har na sami ta Ummi. Babu abin da ke kunne a gidanta, amma faifan mitar yana juyawa abinsa.

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane yadda hannu ke ƙaiƙayi a irin wannan lokaci ba. A jikin akwatin mitar akwai 'yar waya da aka ɗaure da dalma mai lamba, wadda muke kira sil. A wurin aikina na yanke irinta ba adadi, don ni ne kamfani. Ban ko tsaya tunani ba na sa filaya. Na buɗe akwatin na bi wayoyin da ido da testa, ban yi minti biyar ba na gano ta: wata tsohuwar waya ta fita daga layin Ummi ta ratsa bango, tana ciyar da injinan wanki na ƙasan benen da fitilun barandar. Na rufe akwatin, na mayar da wayar sil ɗin na murɗe ta yadda nake gama kowace waya tun ina yaron aiki, naɗi uku dama, ɗaya hagu, in lanƙwasa bakin ciki don kada ya soki wani. Duk fanka da rediyo da butar lantarki ta gidana haka suke. Ina tsaye ina jin kaina wani gwarzo, ina tsara yadda zan ba Ummi labari, Alhaji Seidu ya dawo.

Ya kalli mitar, ya kalli filayar hannuna, makullansa suka daina ƙara.

"Malam Habu, me ka yi haka? Sil ɗin nan, shekara ashirin ina nan ban taɓa shi ba. Nan ba gida ba ne. Sata za su kira shi, kuma sunan ɗiyarka ne kan mita, ba naka ba."

Na nuna masa wayar da na gano. Ya ce shi ma bai san da ita ba, tun kafin zuwansa take. Amma ya roƙe ni don Allah in yi shiru, wataƙila mai karanta mita ba zai lura ba. Idan mai gida ya ji shi ya buɗe wa baƙo ɗakin nan, aikinsa da ɗakin kwanansa duk sun tafi. Na hau sama na mayar da firij. Da yamma Ummi ta dawo ta tambaye ni yadda na wuni, na ce lafiya lau.

Mai karanta mita ya lura. Bayan kamar mako uku takarda ta zo. Ummi ta karanta ta a tsaye, ko kayan asibiti ba ta cire ba, sannan ta zauna a ƙasa a tsakar falo. Kamfanin ya ce an sami alamar an taɓa mitarta, suna zargin satar wuta, za su iya yanke mata, za su iya kai maganar gaba. A watan ta shigar da takardun neman zama 'yar ƙasa, kuma duk lokacin sabunta lasisin jinya ana tambayar mutum ko an taɓa kama shi da laifi. Yarinyar da ko titi ba ta tsallakawa sai fitila ta ba ta hannu, yau an rubuta sunanta kusa da kalmar sata. Ta ce ita ko hanyar ɗakin mitocin ba ta sani ba. Ina zaune a kujera da lemo a hannuna, na buɗe baki na ce Allah ya bayyana gaskiya. Har yau idan na tuna wannan addu'ar sai kunya ta rufe ni.

Ta kira kamfanin ya fi a ƙirga, kowa na tura ta wurin wani. Daga ƙarshe ta juya takardar ta kira lambar nan da na yi wa dariya. Aka saurare ta, aka ba ta lambar ƙara, aka kuma sanar da kamfanin cewa ba shi da ikon yanke mata wuta a kan wannan magana har sai an gama. Wannan kaɗai ya ba ni mamaki, don a saninmu yanka ake fara yi, magana ta biyo baya. Amsar farko da ta zo daga hukumar ba ta yi daɗi ba: an tabbatar an yanke dalma, kuma mai sunan mita ake tambaya. Sai dai a ƙasan takardar an rubuta cewa idan ba ta gamsu ba tana da damar neman a zauna da ita da kamfanin gaba da gaba. Ta nema, aka sa rana.

Wata biyu aka yi ana jiran ranar. A cikinsu aka yi mini aikin ido, kuma Ummi ce ke ɗiga mini magani sau huɗu a rana, tana riƙe da haɓata kamar yaro. Idona ya washe, na fara ganin yadda ta rame, da yadda take tura abinci gefe. Amsar da za ta wanke ta tana cikin bakina, har da labarin wayar da ake jan wutarta da ita, amma ba zan iya faɗin ɗaya ba sai na faɗi ɗayan. Na riƙa gaya wa kaina saboda Alhaji Seidu nake shiru. Wani lokacin in ce saboda maganar jami'in filin jirgi ne, kada a ce na yi aiki a hana ni sake ganin jikokina. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma babban dalilin shi ne girman kai. Tun tana ƙarama take gaya wa ƙawayenta babanta injiniya ne, ban kuwa taɓa gyara mata ba. Ban san yadda zan dube ta in ce ni na jefa ta cikin wannan ba.

Ranar zaman, Nasiru bai sami izini a wurin aiki ba. Ummi ta ce in raka ta, tunda harkar wuta ce in ga yadda suke yi. Na sa babbar riga, na kuma kawo shawarar mu riƙe kwalbar turare ta gaisuwa. Ta ce in rufa mata asiri, wannan kaɗai ya isa a buɗe mana sabuwar ƙara. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin D muka gangara can ƙasan Manhattan, inda gine-gine suka hana rana sauka. A ƙofa aka binciki aljihunmu, muka hau lif.

Na zaci zan ga kotu da ɗan sanda. Wani ɗan ɗaki ne da tebur da butar ruwa. Mai sauraron ƙarar wata baƙar mace ce da za ta yi shekara hamsin, tabaranta na rataye da sarƙa. Ta fara da gaya mana cewa ita ba ma'aikaciyar kamfani ba ce, ba kuma lauyar Ummi ba ce, aikinta ta ji kowa ta duba ƙa'ida. Wakilin kamfanin wani saurayi ne mai ladabi da fayil a gabansa. Kujerarsa irin tamu ce, kuma sai da aka ba shi dama ya yi magana. Na daɗe ina kallon wannan, don ban taɓa ganin kamfanin wuta yana jiran a ce masa bismilla ba.

Ya yi bayaninsa, sannan ya zaro hoto ya miƙa wa matar, ita kuma ta miƙa wa Ummi. Hoton sil ɗin ne, an ɗauke shi kusa sosai. Ummi ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Na ga ta ɗora babban yatsanta a kan murɗin wayar, a daidai inda bakin ya lanƙwashe ciki. Ba ta juyo ta dube ni ba. Da rashin juyowar na gane ta gane.

Matar ta ce a takardar ƙara Ummi ta rubuta cewa ba ta san wanda ya taɓa mitar ba, shin har yanzu a kan haka take? Ummi ta ajiye hoton, ta gyara mayafinta, ta ja numfashi. Sai na ga hannuna a sama kamar ɗan firamare.

Matar ta tambayi ko ni wane ne, ta kuma ce za a iya samo mini tafinta ta waya. Na ce Turancina na kan falwaya zai isa. Na faɗi sunana da aikin da na yi, na ce ni na yanke dalmar, 'yata ba ta sani ba, kuma mai kula da benen yaudararsa na yi ya buɗe mini. Inda kalma ta ƙwace mini Ummi ce ke cike mini ita a hankali, kanta a ƙasa. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Da aka tambaye ni dalili na roƙi takarda da biro, na zana mitar da layin Ummi da wayar da ta ratsa bango. Saurayin kamfanin ya jawo kujerarsa kusa, ya tambaye ni kaurin wayar da inda ta bi, na ba shi amsa, ya gyaɗa kai. Na ɗan lokaci mun manta da ƙara, mun koma ma'aikatan wuta biyu a kan zane ɗaya.

Matar ta rubuta duk abin da na faɗa, ta karanta mini, ta tambaye ni ko haka na ce. Na gyara mata wuri ɗaya, ta gyara. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Mutum mai shekarunka a wannan aiki ya san ba a yanke sil, ko da niyyar alheri. Da kun kira kamfanin kun ce kuna zargin ana jan wutarku, doka ta tilasta musu su zo su duba. Kiran waya ɗaya ya ishe ka."

Na tambaye ta ko za a haɗa ni da 'yan sanda ko mutanen biza. Ta ce wannan ba huruminta ba ne, ita tsakanin mai amfani da wuta da kamfani take. Ta umarci a gwada mitar a ga ko an rage mata gudu, a kuma bi wayar da na zana, ta ce hukunci zai zo a rubuce.

A jirgin komawa muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ni tunanina ya tafi kan abin da matar ta yi, na karanta mini maganata ta tambaye ni ko haka na ce. Shekara ashirin da bakwai mutane suna yi mini bayani daga gindin tsani, wannan ya ce ya biya takardar ce ta ɓata, wannan ya ce mitar ce ke gudu, wannan ya ce akwai mara lafiya a ciki. Daga sama nake amsa musu, kuma amsar ɗaya ce, su je ofis. Na san da yawansu ƙarya suke yi. Amma a cikinsu akwai masu gaskiya, kuma ban taɓa saukowa na tantance ba, don babu wanda zai tambaye ni. Ba na cewa mutanen can sun fi mu kirki. Na ga marasa kirki a cikinsu, mai benen nan ma ɗaya ne. Abin da na gani shi ne an ajiye wani ɗaki da tebur inda dole mai tsani ya sauko ya zauna.

Da muka isa gida Ummi ta zuba mini abinci kamar kullum, ta ɗiga mini maganin ido a kan lokaci. Ba ta tayar da maganar ba, ranar ko washegari. Nasiru da ya ji, abin da ya ce kawai Allah ya kiyaye gaba. Da na fi so a yi mini faɗa. Alhaji Seidu kuwa ya sha masifar mai gida, aka karɓe makullin ɗakin mitoci daga ƙugunsa, amma aka bar masa aikinsa da ɗakinsa. Juma'a biyu yana shiga wani taragon daban idan za mu masallaci. A ta uku ya zo ya zauna kusa da ni ya ce in matsa, babbar rigata ta cinye kujera.

Saura kwana goma in taho takardar hukuncin ta iso. An gwada mitar, lafiyarta ƙalau, babu alamar an saci wuta. An cire zargin daga sunan Ummi gaba ɗaya. An sami wayar a inda na zana ta, an ɗora wa mai benen nauyin raba ta da layinta da ɗaukar abin da ta ci. Kuɗin sabon sil kawai aka bar wa Ummi, na ce zan biya ta ƙi. Ta karanta takardar sau biyu, ta shiga ɗaki ta yi salla raka'a biyu, ta fito ta ci abinci har da ƙari. Na yi murna ƙwarai, amma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun daga ɗakin sauraron ƙarar.

Ita ta kai ni filin jirgi. Mun auna kaya, mun tsaya a bakin inda masu rakiya ke tsayawa, tana ta jaddada mini lokutan maganin ido da saƙon mahaifiyarta. Na ga idan ban tambaya yanzu ba, ba zan taɓa tambaya ba.

"Ummi, ranar nan da kika ja numfashi, da ban ɗaga hannu ba me za ki ce wa matar?"

Ta sa hannu ta gyara mini wuyan riga.

"Cewa zan yi ni ce, Baba."

Na ce takardunta fa, aikinta fa, yaran fa. Ta ce duk ta tuna da su a lokacin.

"Ba zan iya nuna ka a gaban mutane ba."

Wata biyu na bar ta tana ramewa don in tsare mutuncina, ita kuwa numfashi ɗaya ya ishe ta ta yanke shawarar ba da nata saboda ni. Na so in ce ta yafe mini, sai kawai na ɗauki jakata na shiga layi don kada ta ga fuskata, ban waiwaya ba sai da gilashi ya shiga tsakaninmu. Tana nan tsaye inda na bar ta, tana nuna idonta da yatsa, wai kada in manta da magani.